Finafinai Da Zaman Tare: Abin Da Ake Nunawa Da Abin Da Ake Yankewa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan'adam bai bar shi shi kaɗai ba, ya sanya masa uwa da uba da dangi da maƙwabci, ya kuma rataya haƙƙin kowannensu a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an daɗe ana wa'azi a kan finafinai a masallatanmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, kuma mafi yawan abin da ake faɗa bai wuce rawa da waƙa da shigar banza da cuɗanyar maza da mata ba. Wannan magana gaskiya ce, tana nan inda take, ba mu rage komai daga cikinta ba. Sai dai a wannan fitowa muna so mu taɓo wata ɓarna marar ƙara, wadda kan shiga gida ko da ƴan wasan sun rufe jikinsu ruf, ko da ba a kaɗa ganga ko sau ɗaya ba. Ita ce yadda fim ke miƙa wa mai kallo ma'aunin da zai riƙa auna mutanen da yake zaune da su: yadda mace za ta auna mijinta, da idon da amarya za ta kalli uwar mijinta da shi, da matsayin da ɗa zai ajiye ubansa. Rawa ana ganinta, maigida na iya tashi ya kashe tele. Shi kuwa wannan ma'auni ba a ganin shigarsa, sai ranar da aka taru a zauren liman ana neman a raba aure.

Dattawan cikinmu sun riski zamanin gidajen sinima marasa rufi, inda ake jiran duhu ya shigo kafin a haska finafinan Indiya da na kaboyi da na ƴan Sin masu dambe. A wancan lokaci kallo sai an fita an biya kuɗi. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, kafin a yi shekara goma kuwa kaset ya cika kasuwanninmu, yana shigowa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Daura da Matamaye zuwa Damagaram. Mutanenmu suka raɗa wa waɗannan finafinai suna dandalin soyayya, sunan kuma ya dace, domin galibinsu a kan soyayya suke, irin wadda aka aro daga Indiya: samari biyu a kan yarinya ɗaya, ko mata biyu a kan namiji ɗaya, ga kuma uba mai aurar da ɗiyarsa dole. Gidajen tele su kuma suka kawo mana dogayen wasannin Meksiko da Birazil da aka juya zuwa Faransanci, waɗanda kan ɗauki watanni ana bin su kowane dare. A yau abin ya bar tsakar gida ya koma tafin hannu, kowa da salularsa, kowa da nasa kallon, har da finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a shekarar 2001. To, hukuma na iya cewa a cire wannan rawa, a gyara waccan shiga, amma babu hukumar da za ta iya tace abin da mai kallo ya ƙudurce a ransa game da aure bayan ya gama kallo.

Kada wani ya ɗauka cewa ba da labarin zaman mutane shi ne laifin. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (R.A.) ta ba Manzon Allah (S.A.W.) labarin wasu mata goma sha ɗaya da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai game da mazajensu ba. Wata ta ce nata alherinsa kaɗan ne kuma da wuyar samu, wata ta ce nata in ya ci sai ya cinye ya kwanta shi kaɗai, wata ta ce nata mai duka ne, wasu kuma suka yaba, har aka zo kan Ummu Zar'in wadda ta fi kowa yabon nata mijin, duk da cewa ya sake ta. Manzon Allah (S.A.W.) ya saurari wannan dogon labari har ƙarshensa bai katse ba, sannan ya faranta wa matarsa rai da cewa shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake a wurin Ummu Zar'in. Alƙur'ani mai girma kansa ya ba mu labarin Annabi Yusufa (A.S.) a sura guda mai aya 111, a ciki akwai hassadar ƴan'uwa, da son uba ga ɗansa, da matar da ta rufe ƙofofi, da kurkuku, da yafiya. Amma ku lura da yadda aka ba da shi. Wurin da aka rufe ƙofofi an wuce shi cikin ƴan ayoyi, ba a ƙawata shi ba. Inda aka tsaya aka daɗe shi ne shekarun da suka biyo baya: zaman kurkuku, da uban da ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, da ƴan'uwan da yunwa ta kai su gaban wanda suka zalunta.

Mai haɗa fim yakan yi akasin haka, domin shi yana da almakashi, kuma kasuwa ce ke gaya masa inda zai yanka. Ya san mai kallo ba zai biya kuɗi ya zauna yana kallon mace na daka da surfe ba, ko namiji na lissafin kuɗin hatsi da na haya. Sai ya ɗauki ƴan watannin neman aure ya shimfiɗa su awa biyu ko uku, da kallon juna da kuka da waƙa a cikin lambu, da zarar an ɗaura aure kuwa sai a rubuta ƙarshe, kowa ya tashi. Wato a daidai inda zama ke farawa, a nan fim yake ƙarewa. Shekara talatin ko arba'in da za su biyo baya, da goyon ciki, da jinyar yaro cikin dare, da damina marar albarka, da bashin ɗan tireda, da tsufa, duk almakashi ya cinye su. Yarinyar da ta tashi da wannan kallo tun tana ƴar shekara goma, ta ga neman aure sau ɗaruruwa, amma ba a taɓa nuna mata wata ranar Talata a shekara ta bakwai ta aure ba.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ana kawo mana ma'auratan da ba su cika shekara ba don a yi musu sulhu. Mukan tambayi yarinya: "Ɗiyata, yana dukan ki?" Ta ce a'a. "Yana hana ki ci ko sutura?" Ta ce a'a. "Yana zagin iyayenki?" Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba ya yin ko ɗaya, amma ba ya so na." In aka bi diddigi sai a tarar yaro ne mai kabu-kabu, ya fita tun bayan sallar asuba, ya dawo bayan isha'i da ƙura har cikin ido, ya ci tuwo ya yi barci. In aka juya ga shi yaron kuma, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba haka ya zaci za ta kasance ba. Me ya zata? Ya zaci macen da za ta wayi gari da kwalliya kamar wadda yake gani a salula, wadda aka yi awa guda ana shafa mata hoda kafin a ɗauki hoton minti biyu. Kowannensu yana auna ɗan'uwansa da wani mutum wanda babu shi a duniya, domin ita ƴar wasan kanta in ta koma gidanta ba haka take ba.

Allah (S.W.T.) a Suratur Rum aya ta 21, da ya ambaci aure cikin ayoyinsa, abubuwa uku ya lissafa: natsuwa da ƙauna da jinƙai. Fim ya ɗauki na tsakiya ya watsar da biyun, na tsakiyar ma ya rage shi ya mai da shi bugun zuciya kawai. A Suratun Nisa'i aya ta 19 kuma an umarci maza da su zauna da matansu da alheri, aka kuma faɗakar da su cewa ko sun ji sun ƙi su, mai yiwuwa ne abin da suka ƙi ɗin Allah ya sanya alheri mai yawa a cikinsa. An ruwaito cewa wani mutum ya gaya wa Sayyidina Umar (R.A.) zai saki matarsa don ba ya son ta, Umar ya tsawata masa, ya tambaye shi ko duk gidaje a kan so aka gina su, ina kulawa, ina kunyar tozarta amana? Sai dai kada maza su ji wannan su gyara zama. Yarinyar nan da ta ce ba a son ta, akwai gaskiya a cikin kukanta. Wanda ya fi kowa ɗawainiya, Manzon Allah (S.A.W.), Nana A'isha ta shaida cewa a gida yakan taya iyalinsa aiki, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa, kuma ya taɓa yin tsere da ita. Mutumin da ke da bakin hira a fada har sha biyun dare ana zagayen shayi, amma in ya shiga gida sai gyaran murya da ba da umarni, shi ne ya bar gurbin da fim ya zo ya cike.

A fim kuma, wanda ya fi kuka shi ke samun yarinya. Ku dubi abin da ya faru a Madina. Barira (R.A.) baiwa ce, da aka ƴanta ta sai shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da mijinta Mugisu ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a baya yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke mata da irin ƙin da take masa. Ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa. Maganar ta tsaya nan. Da a hannun mai fim ne, da sai an kawo hatsarin mota ko ciwon ajali an karya mata zuciya ta koma. Samarinmu da ke tare ƴan mata a hanya bayan an ce musu a'a, masu barazanar shan guba ko tona asiri, masu ganin naci shi ne shaidar so, ba daga Madina suka koyo wannan ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damun mu, wanda kuma muke ganin ya fi kashe gidaje. Labari ba ya tafiya sai da mugu, mai fim kuwa ba ya zuwa nesa neman mugunsa, a cikin gida yake ɗauko shi. Kishiya ita ce mai zuwa wurin boka, mai barbaɗa magani a miya. Uwar miji ita ce mai haɗa husuma, ƙanwar miji ƴar rahoto, matar uba mai azabtar da maraya, ƙawa kuma mai jiran a juya baya ta aure miji. Ba mu ce babu irin waɗannan a duniya ba, akwai su, mun kuma zauna a kan shari'arsu. Amma a unguwar da aka samu kishiya ɗaya mai sihiri, kishiyoyi nawa ne suka yi wa juna wankan jego? Nawa ne suka shayar da ɗan abokiyar zamansu da ta rasu, suka aurar da shi ba wanda ya san ba su suka haife shi ba? Wannan ba ya sayuwa a kasuwa, saboda haka ba a ɗaukarsa. Sakamakon haka, amarya takan shiga gida da takobinta a zare tun kafin a yi mata komai. Uwar miji ta aiko mata da fura, ta zubar a bayan ɗaki. Uwargida ta yi tari, ta ce habaici ne. Yaro ya yi zazzaɓin damina, maimakon a kai shi likita sai a ce hannu ne, kuma an san hannun wa.

Wannan shi ne zato, ƴan'uwa, wanda Suratul Hujurati aya ta 12 ta umarce mu da nisantar mafi yawansa, ta ce sashensa zunubi ne, ta kuma haɗa shi da bincike da giba a aya guda, domin a jere suke zuwa. Wanda ya yi zato zai yi laɓe, wanda ya yi laɓe zai kai labari. A da laɓe a bakin ƙofa ake yin sa, yanzu a salular miji ake yi in ya shiga wanka.

Kishi kansa ba baƙo ba ne, har gidan Annabta ya shiga. Buhari ya ruwaito cewa wata daga cikin Iyayen Muminai ta aiko da akushin abinci alhali Manzon Allah (S.A.W.) yana ɗakin wata, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushi ya faɗi ya fashe. Manzon Allah ya tattara gutsattsarin da abincin da hannunsa, ya gaya wa waɗanda ke wurin cewa uwarsu ta yi kishi, ya sa aka biya akushi da akushi. Ba saki, ba duka, ba taron dangi. Sa'an nan ku dubi iyakar da taƙawa ta yanka wa kishin. Lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi, Manzon Allah ya tambayi Zainab ɗiyar Jahshi (R.A.) abin da ta sani. Ita ce kuwa, bisa shaidar A'isha da kanta, wadda ke gogayya da ita a matsayi. Kalma ɗaya ta ishe ta ta kayar da kishiyarta. Sai ta ce tana tsare jinta da ganinta, ba ta san komai game da ita ba sai alheri. Mun yi shekaru muna jin labarin finafinan kishiyoyi daga bakin masu kallo, har yau ba a zo mana da labarin wanda aka gina a kan irin wannan ba. Ita ma Ummu Zar'in da muka ambata, cikin waɗanda ta yaba har da uwar mijinta.

Adalci kuwa wajibi ne ko a kan wanda muke suka. Akwai wurin da masu fim suka faɗi gaskiya, gaskiyar da ba ta yi wa wasu iyaye daɗi ba, shi ne auren dole. Ba ƴan Kano suka fara ba, ba kuma Indiyawa suka koya mana ba. Ɗan ƙasarmu marigayi Umaru Ganda, wanda aka sanya wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, ya yi fim mai suna Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a shekarar 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. Labarin wani mutum ne da ya dawo daga Makka ana ce masa Alhaji, ya sa ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya aure ta a kan matansa biyu, abin ya ƙare da zubar da jinin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Wasu za su ce ya ci mutuncin alhazai. Mu kuwa muna cewa, wanda ya ɓata sunan aikin hajji shi ne mai nema a kan neman ɗan'uwansa, abin da hadisi ingantacce ya hana, ba wanda ya nuna shi ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bai wa uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa, amma don maslaharta aka ba shi, ba don ya biya bashi da ita ko ya sami kujerar Makka ba, kuma inda cuta ta bayyana ikon ba ya tsayawa. Hansa'u ɗiyar Hizamu (R.A.), bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (S.A.W.), ya warware auren. Uban da ya toshe kunnensa ga wannan, kada ya yi mamaki in ɗiyarsa ta ga mai fim ya fi shi jin kukanta. Illar da fim ya yi a nan ita ce ya mai da kowane uba wannan uban, har ta kai ko shawara mahaifi ya bayar a kan saurayin da ba ya sallah ko ba shi da sana'a, sai a ɗauke shi maƙiyin soyayya, alhali abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Masu kare finafinai suna da hujja guda da suke maimaitawa: ai a ƙarshe mugu yakan ga sakamakonsa, saboda haka faɗakarwa ce. Mu ɗauki misali da wanda da yawa daga cikin iyayen yaran yau suka kalla suna ƴan mata. Rubi wasan Meksiko ne na shekarar 2004, wanda ya mamaye gidajenmu bayan fitowarsa. Yarinya ce kyakkyawa ƴar talakawa, ta bar likitan da take so don ba shi da dukiya, ta ƙwace attajirin da zai auri aminiyarta mai lalurar ƙafa, ta gudu da shi a ranar bikinsu. A ƙarshe ta faɗo daga bene, fuskarta ta lalace, aka yanke mata ƙafa. To, madalla da sakamako. Amma kashi fiye da ɗari aka yi ana nuna ta cikin gidaje da motoci da tufafi, maza na rawar jiki a kanta, sannan aka hukunta ta a daren ƙarshe. Wanne zuciya za ta riƙe, wata da watanni na sha'awa ko awa guda ta tsoro? Mai sayar da giya da ya rubuta gargaɗi a gindin kwalba bai zama mai wa'azi ba.

Ku kwatanta da aikin wani ɗan ƙasarmu, marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru masu yawa a Tawa ya kuma rasu a 2015. A shekarar 1972 ya yi fim mai suna F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu: mata, gida, mota, kuɗi. Ƙaramin ma'aikaci ne ya biye wa burin waɗannan huɗu har ya sa hannu a dukiyar da ba tasa ba, aka ɗaure shi, masu cin arzikinsa suka watse, sai matarsa ta fari ce ta tsaya tana jiran fitowarsa. A nan an nuna wa mai kallo wanda ke saura idan kuɗi sun tafi. Shi dai wannan bawan Allah tun a 1966 ya yi wani fim a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka canza sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da iyayensu, suna kwaikwayon abin da suka gani a majigi. Mai fim ne da kansa ya ga haɗarin sana'arsa, shekaru da yawa kafin kaset ya shigo.

Wannan ya nuna na'urar ba ta da laifi, inda aka juya ta ne abin tambaya. A shekarar 2016 wata ƴar Damagaram, A'isha Maki, ta fitar da fim na gaskiya ba wasa ba a kan matan da Allah bai ba su haihuwa ba, da irin gorin da suke sha a gidajen aurensu, alhali sau da yawa ba a ko tambayi lafiyar mijin ba. Wannan ciwo ne da ke cikin kowace unguwa, kuma Suratush Shura ta bayyana cewa Allah ne ke bai wa wanda ya so ɗiya mata, ya bai wa wanda ya so ɗiya maza, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Irin waɗannan labarai suna nan jibge ga mai neman su. Ina labarin matar ɗan ci-rani ta ƙasar Adar, wadda mijinta ya tafi Abijan ko Libiya shekara uku, tana riƙe da ɗiyansa da tsohuwarsa da mutuncinsa? Ina labarin ɗan da ke juya mahaifinsa mai shanyewar jiki safe da yamma, yana wanke shi, bai taɓa ce masa tir ba, kamar yadda Suratul Isra'i ta yi umarni? Ina maƙwabcin da ke miƙa ƙwaryar hatsi ta kan danga cikin dare don kada a gani? Ina mutum biyu da suka rabu da aure ba tare da tonon silili ba, suka ci gaba da gaisawa saboda ɗiyansu? Muna kira ga matasanmu masu wannan sana'a, a Maraɗi da Damagaram da Yamai da ƙetaren iyaka, su sani cewa duk gidan da ya mutu saboda zaton da suka shuka suna da kaso a ciki, haka nan duk zumuncin da ya gyaru ta dalilinsu suna da lada a ciki.

Ku kuma iyaye, fasa tele da ƙwace salula kaɗai ba ya magani, domin yaron da aka hana a gida zai kalla a gidan maƙwabta, ya kuma koyi ɓoyewa. Wanda yake bayyananniyar alfasha ce a hana shi, babu sassauci a nan. Sauran kuwa, ku san abin da ake kallo a gidajenku, ku zauna wani lokaci a gani tare, in an gama ku yi tambaya. Wannan saurayin da ke yini yana waƙa, yaushe yake neman abinci? Wa ke biyan kuɗin wannan gida? Wannan uwar miji da aka nuna, kin taɓa ganin kakarki ta yi wa innarki haka? Bayan an ɗaura auren nan, me kike jin zai faru in an yi shekara biyar? Uwa ta gaya wa ɗiyarta gaskiyar zaman aure tun kafin a kawo kayan sa rana, daɗinsa da ɗacinsa, kada ta bari sai daren da za a kai ta ɗaki a yi mata nasihar minti biyar tana kuka ba ta ji. Uba ya ja ɗansa zuwa gaishe da marar lafiya da ta'aziyya da zaman sulhu, ya ga yadda manya ke ɗinke ɓaraka. Idan saɓani ya taso tsakanin ma'aurata kuma, tun yana ƙarami a bi abin da Suratun Nisa'i aya ta 35 ta tsara, a samo mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, masu hankali da riƙon asiri, kafin magana ta kai ga ƙawaye da ƴan fada.

Allah shi shirya mu da zuriyarmu, shi sanya natsuwa a gidajenmu, shi jiƙan iyayenmu da malamanmu.